An Cire Kawu Daga Zaure

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na ɗauki biro ne don ba na so in kira ki raina a ɓace.

Jiya da hantsi ina zaune a shagon tela aka ce mini an cire ni daga zauren jam'iyyarmu na waya. Na sa tabarau na duba, sai ga lambarki ce ta cire ni. Auta, ni na rubuta wa zauren nan ƙa'idoji, ke kika buga su. Ta shida ta ce ba a fitar da mutum sai kwamiti ya ji ta bakinsa. Wa ya ji ta bakina?

Laifina kawai na tura bidiyon da ke nuna malamar lissafi tana dangwala ƙuri'u a rumfarmu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina rajistara a kotu. Ban taɓa cewa a fita titi ba, kullum cewa nake a bi tsarin mulki a shigar da ƙara. To tsarin mulkin nan ne ya ba ni damar magana. Idan 'yan jam'iyya ɗaya suka fara hana juna magana, da wane ido za mu kalli masu mulki ranar da suka hana mu?

Ina jiran amsa. Ki gaishe da uwarki, kada ki gaya mata.

Kawunki.

*

Kawu, Allah ya ƙara girma,

Na gaishe ka da kyau. Ya ƙafar? Takardarka ta iso, na karanta sau uku a ofis har shayina ya huce.

Gaskiyarka, na taka doka ta shida, kuma na ji kunya. Ya kamata in zo in durƙusa in yi maka bayani. Tsoro ne ya hana ni.

Amma Kawu, ka kalli bidiyon har ƙarshe? Ranar horar da ma'aikatan zaɓe aka ɗauke shi, mako biyu kafin a kaɗa ƙuri'a. Takardun gwaji ne, ba alamar kowace jam'iyya a jikinsu. A ƙarshe ma ana jin mai koyarwa yana cewa ta sake, ta cika tawada. Wanda ya fara yaɗa shi bai san sunanta ba. Kai ka rubuta sunan a ƙasa, da makarantar da take koyarwa.

Cikin awa biyu saƙonka ya fita daga zaurenmu, kowa yana turawa yana cewa tsohon rajistara ne ya tabbatar. Na goge, ka sake turawa. Shi ya sa na cire ka.

Mutane sun je ƙofar makarantar. Ba su taɓa ta ba, amma sun kira ta ɓarauniya ɗalibanta suna leƙowa ta taga. Yau kwana biyar ba ta shiga aji ba.

Ka yafe mini tsaurin ido. Zan iya mayar da kai yau ɗin nan, babu wanda zai ce uffan.

'Yarka, Auta.

*

'Yata,

Na gaishe ki. Ƙafa da sauƙi.

Na kalla har ƙarshe. Daƙiƙa arba'in suka rage, su ne na kasa jira ranar. Ina ganin fuskarta na gane ta, zuciyata ta yi sanyi kamar na tsinci abin da nake nema, don faɗuwarmu a zaɓen nan ta tsaya mini a rai. Ni da nake mayar da lauya da takardarsa saboda babu sa hannu a shafi ɗaya.

Kwana biyu ban je shagon tela ba. Matata ta tambaya ko jikin ne, na ce e.

Kada ki mayar da ni. In kin yi haka, kin taka dokar sau biyu, na biyun don ni kawunki ne. Ki kira kwamiti ya zauna, a karanta abin da na rubuta a gabana, a yanke abin da ya dace. Ke ma a tambaye ki naki. Har gobe ina kan bakana cewa ba a cire mutum a ɓoye, kuma in muna da hujja kan zaɓen a kai kotu. Amma wannan ba hujja ba ce, ƙazafi ne, kuma da hannuna na yi shi.

Ga wata takarda a ciki, ta janye magana ce. Ki sa a zauren da cikakken sunana. Na san ba za ta kai inda waccan ta kai ba.

Ki gaya mini gidan malamar.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Kwamiti zai zauna ranar Asabar a ofishin mazaɓa. Shugaba ya so a bar maganar don girmanka, na ce kai ka nema. Ya ce to.

Na sa takardarka. Mutum tara suka tura ta gaba. Wasu kuma cewa suke an saye ka.

Gidan malamar na bayan asibiti, mai koren ƙyaure. Ko in raka ka?

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Na je ni kaɗai.

Mijinta ya shigar da ni falo. Ta fito, ta gaishe ni da Baba, ta koma gefe ta zauna. Na faɗi duk abin da na yi ban rage komai ba, ta saurara kanta a sunkuye. Da na gama sai ta ce yafiya sai a hankali, amma akwai abu ɗaya.

"A gaban ɗalibaina aka faɗa, Baba. Su ne ban san yadda zan kalla ba."

Ranar Litinin ƙarfe takwas zan tsaya a gaban ajinta. Yara arba'in da shida ne, in ji ta. Ban taɓa jin tsoron alƙali haka ba.

Ki sa ni a addu'a.

Kawunki.