Balbelu Ba Su da Laifi, Malam

Zuwa ga maigidana, bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma, ka ce rubutun da na koyo a ajin yaƙi da jahilci kamar kaji ne suka yi tono. To yau sai ka yi haƙuri, kajin na da magana.

Ƙauyenmu Gazara lafiya lau. Dawa ta yi kyau, ƙanenka Sale kuwa har ya wasa gatari zai sare tsamiyar bakin rafi da balbelu ke sauka, wai ya rama maka a kansu.

Ka tuna yaƙinka da su? Ka rantse gashinsu ne ke tayar maka da fuka. Ka wuni cikin rana da majajjawa, ka dawo kai na sara, ka haɗiye asfirin daga gwangwaninka, ƙirji ya toshe, sai ka nuna rafi da yatsa wai mun ga aikinsu. Gobe kuma ka koma. Shekara da shekaru ko gurguwar balbela ba ka taɓa samu ba, sai tulun Iya, mahaifiyarka, da ka fasa.

Da ka faɗi a gona aka ce zuciya ce. Wa ya sani? Masu sauraron zuciya suna birni, mu tamu Allah kaɗai ke sauraronta.

Bayan arba'in ɗinka Auta ta yi ciwon kai. Ka san ƙirjinka ta gado. Sale ya ɗauko gwangwanin, wai maganin ubanta ne, albarka ce. Malam, yarinyar nan ta haɗiye, kafin in juya tana ta shaƙar iska ba ta shiga. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A motar gyaɗa muka kai ta Zariya.

Wani likita mai bincike a kan fuka ya tambayi abin da ta sha. Na fara ba shi labarin balbelu, ya saurara da ladabi, sannan ya nemi ganin gwangwanin. Ya ce akwai masu fukar da asfirin ke shaƙe su, kada ta ƙara ko lasa.

Ashe abokin gabarka yana aljihunka, kana ta jifan baƙi a bakin rafi?

Ban taɓa gaya maka ba, ni tsuntsayen nan burge ni suke yi. Kai ma haka, musamman in kana zaginsu. Ina kewarka ƙwarai.

Gwangwani yana cikin masai. Gatarin Sale yana ƙarƙashin gadona. Jiya na je rafi na ba balbelu haƙuri a madadinka, na tarar sun cika tsamiya fari fat. Auta ta tsaya a ƙarƙashinsu tana jan numfashi har ciki, ko tari ba ta yi ba.

Ka huta lafiya, an yi sulhu.

Taka har kullum,
Uwar Auta.