Tozon da Ake Ware wa Baba

Assalamu alaikum Yaya Kamila,

Wai wa ya ce ki sunkuyar da kai don kin hana Baba cin tozo? Ina gaishe ki daga Tamanrasat. Yaya jikin Baba? Ya Inna da mutanen Dudunni?

Ni lafiya lau nake. Tarin da kika ji a waya ƙurar siminti ce kawai, kada ki gaya wa Inna.

Na gode, Yaya. Ranar da ƙirjin Baba ya riƙe a gona kowa cewa ya yi gajiya ce, ke kaɗai kika dage aka kai shi Katsina. Abin da likita ya faɗa miki na bi na karanta har na gane. Kitse ne ke taruwa a jijiyoyin jini sannu a hankali, hanya ta tsuke, zuciya ta rasa isasshen jini. In ta toshe gaba ɗaya, ba mu da uba.

Amma duk sunan da aka yi, tozo da kitse ake ware masa, wai girmamawa. Na ji a sunan ɗan Ikrima kin mayar da kwanon, Kawu Nata'ala ya ce kin wulaƙanta dattijo. Allah ya yi miki albarka da kika mayar!

Ki sa Ikrima ya karanta wannan a ƙofar gida bayan La'asar, Kawu na zaune. Kawu, ka amsa a gaban jama'a: kwano za a girmama, ko yayanka kake so ya ga wata damina?

Ƙaninki,
Zainul Abidin