Indararon Soron Baba

Batsari, 4 ga Mayu

Rilwanu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina Kamila da yara?

Bankin da ka ba hayar soron Baba ya tashi, sun sa kwaɗo, sun ce makulli na wurinka. Jiya na zagaya gidan, raina ya ɓaci. Siminti suka shafe bangon da shi, duk zanen da Baba ya yi da hannunsa a goshin zaure ya tafi. Wannan na haɗiye. Amma indararo huɗu na rufin, duka an toshe su! Haba Rilwanu, soron ƙasa babu indararo, ruwan ya bi ta ina? Shekara uku ba a hau an yi yaɓe ba. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Ka aiko makulli in sa a fasa su.

Yayarka,
Ikilima

Safana, 12 ga Mayu

Yaya Ikilima,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Kamila na gaishe ki.

Ki kwantar da hankalinki. Ni na ba da izinin toshe su, domin ruwan yana zuba kan layin mutane da kan motar manaja. An sa bututun roba guda ta baya, injiniya ya ce ya wadatar. Damina uku ke nan, me ya faru? Zamanin kwaɓa ƙasa da ciyawa ya wuce, Yaya. Akwai masu son hayar gidan, kuma saboda simintin suke sonsa. Ba zan bari a farfasa shi ba.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Rilwanu

Batsari, 20 ga Mayu

Rilwanu,

Na amsa gaisuwa don Kamila, ba don kai ba.

Ashe kai ne! Ina ta tsine wa baƙi, ashe ɗan magini ne ya toshe indararon ubansa saboda motar wani. Lokacin da Baba ke jera azara a zauren nan, yana ɗaura bakan gizon da ke tallafe rufin ba ƙusa ko ɗaya, ni ke miƙa masa tubali, kai kana can kana kare farar rigar makaranta. Ƙasa numfashi take yi. In ka rufe ta da siminti, ruwan da ya shiga ba ya fita, daga ciki take ruɓewa. Bututun injiniyanka kuwa, na leƙa ta katangar Badamasi maƙwabcinmu: tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki.

Wallahi ina jin haushinka har wuya. Makulli nake so, ba bayani ba.

Ikilima

Safana, 2 ga Yuni

Yaya,

Salam. Zaginki ya iso. Aiki ya yi mini yawa a sakatariya. Bayan Sallah zan zo da kaina, da makullin, mu duba tare. Kada ki taɓa kwaɗon nan.

Rilwanu

Batsari, 11 ga Yuni

Rilwanu,

Salam. Ran Talata da la'asar aka yi ruwa, ya tsaya a kan rufin kamar a cikin ƙwarya. Laraba da hantsi zauren ya rufta. Ba kowa ciki, alhamdu lillahi.

Ni da Badamasi mun tsamo azara goma sha ɗaya daga cikin laka, suna tsakar gidana.

Simintinka yana nan tsaye, ko tsagewa bai yi ba, kwaɗon ma yana jikin ƙofa. Ka riƙe makullin, ta sama ake shiga yanzu.

Ikilima