Ruwan da Bai Ga Wuta Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Fanna, autarki. Na san ko da kina raye ba ki karanta boko, amma kin san halina: magana a gaban mutane maƙale mini take a wuya. Rubutu ya fi mini sauƙi, shi ya sa na ari wayar Yaya Falmata. Wasu za su karanta, ba komai. Ke nake yi wa.

Albishirinki, Inna, Yaya Falmata ta sauka lafiya. Mace ce, kuma sunanki aka sa mata. Babu mai iya kiran sunan a gidan nan, sai muke ce mata Ummi.

Kin tuna gidanmu na Bosso? Ni abin da na fi tunawa shi ne hayaƙi. Kina tsugune gaban bandar kifi tun safe, idanunki jajir, kina tari kina juya tarwaɗa. Ko na kwanta a bayanki, ƙaurin itace nake ji a zanenki. Lokacin na ɗauka haka kowace uwa take ƙamshi.

Da tashin hankali ya koro mu Diffa, muka kafa bukkar zana a bakin hanya, kifi ya ƙare amma hayaƙi bai ƙare ba. Da farko itace yana kusa. Daga baya sai mata su haɗu su fita tun asuba, su yi nisa har inda sojoji suka ce kada a wuce. Akwai ranar da wasu suka dawo ba itace, ba takalma, kuma har yau ba su faɗi abin da ya faru ba. Tun ranar kika ce muddin kina numfashi ba zan taka dajin nan ba. Ke kike ɗaukar gatari ki tafi, da tarin naki.

A bayan unguwarmu akwai tsohon foraji, wato rijiyar burtsatse, wanda ruwansa ke fitowa da kansa dare da rana, ba injin, ba mai bugawa. Da zafinsa yake fitowa, lokacin sanyi har tururi yake yi. Mutane ba su yarda da zafin nan ba. Wasu sun ce na mutanen ɓoye ne, wasu sun ce yana sa ciwon gaɓɓai. Sai a ɗebo shi, a zuba a randa ya kwana ya huce sarai, gari ya waye a hura itace a sake ɗumama shi. Kowa haka yake yi, kuma ba wanda ya taɓa ganin abin dariya a ciki.

Ke kaɗai kike zuwa da sassafe ki zauna kusa da bututun, ki lulluɓe kanki da mayafi kina shaƙar tururin, don yana sassauta miki ƙirji. Nakan tsaya nesa ina jin kunya kada a gan mu. Wata rana kika kama hannuna kika sa a ruwan, kika ce: "Wanda ya hura wutar nan a ƙarƙashin ƙasa bai roƙi kowa itace ba, Fanna. Kyauta ce, mu ne muke barin ta ta huce."

Ba ki kai damina ta gaba ba. A likita sun ce hayaƙi ya daɗe yana cin huhunki.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Da Yaya ta haihu, Gwaggo Aisa, yayar Baba, ta taso daga Fulatari don ta yi mata wankan jego. Kin san Gwaggo. Safe da yamma sai babbar tukunya ta tafasa, kuma ba ta san a rage wuta ba. Itacen da mijin Yaya ya tara kafin haihuwa ko suna bai kai ba ya ƙare, shi kuma yana can gonakin tattasai a bakin kogin Komadugu tare da Baba, ba ranar dawowa. Gwaggo ta dubi kusurwar da itacen yake, ta dube ni, ta ce gobe in bi mata zuwa daji, ai na yi girman ɗaukar dami. Ta sauko da gatarinki daga inda kika rataye shi ta ajiye mini a bakin ƙofa.

Na bar shi a nan ya kwana, Inna, ban taɓa shi ba.

Da gari ya waye, na tsallake gatarin na ɗauki bido, jarkar ruwanmu. Na je foraji na cika shi, na naɗe shi da tsohon bargonki don kada iska ta sha zafin, na dawo da sauri har ruwan yana zubo mini a wuya. Gwaggo ta ga tururi ta tambayi inda na samo wuta. Da ta ji daga ina yake, ta ce in juye shi a randa ya huce tukuna. "Ruwan da bai ga wuta ba za ki zuba wa mai jego? So kike sanyi ya shige ta?"

Yaya tana daga ɗaki tana jinmu, ba ta da bakin magana gaban Gwaggo. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, sai na ji muryata tana faɗin maganarki, yadda kika faɗa mini ita, ban ƙara ba ban rage ba. Na kuma ce kin hana ni dajin nan, kuma ba ki janye ba har kika tafi.

Gwaggo ta kwance bargon, ta tsoma yatsa, ta tsoma hannu har gwiwa. Sai ta ce ashe bebiyar gidan nan tana da harshe, kuma harshen Yagana ne sak. Ta juya baya tana gyara ɗankwali, amma na ga ta share ido.

Ba ta sauka gaba ɗaya ba, kin san ta. Ta ce dole ruwan ya ga wuta ko da gaisawa ce su yi. Muka juye shi a tukunya, na tura karan dawa ɗan kaɗan, kafin ta gama wanke ganyen darbejiya ya yi zafin da take so. Abin da dā yake cin dami, yanzu abin da zan riƙo a hannu ɗaya ya isa, kuma kara ba sai an shiga daji ba.

Yanzu Gwaggo tana bina foraji da safe. Ta ce rakiya ce kawai don kada in ɓata, amma sai ta zauna ta miƙe ƙafafu a ruwan tana cewa gwiwoyinta sun yi mata dama. Maƙwabciyarmu Ya Bintu ta fara naɗe nata bidon da buhu.

Na je na gaya wa Madam, wadda ta koyar da mu a ajin ƙarshe na lakwal, makarantar boko. Ta ce kin yi gaskiya: can cikin ƙasa akwai zafi da ba ya mutuwa, shi ne yake ɗumama ruwan. Ta ce a Kenya har tururinsa suke kamawa ya juya injin ya ba su lantarki, ba esansi, wato man fetur, ba hayaƙi. Na tuna injin ban-ruwan Baba, yadda yake shan esansi yana tofar da baƙin hayaƙi a kan tattasai, ran da babu mai kuma shuka ta kwanta. Ban sani ba ko namu zafin ya kai na can, Inna, karatuna bai kai nan ba. Amma ina fata cikin masu karanta wasiƙarki akwai wanda nasa ya kai, ya zo ya duba. Ko bai ba mu lantarki ba, a kewaye wa mata wurin wanka da wanki, a daina barin ruwan yana malala cikin taɓo yana hucewa a banza.

Yaya ta yi arba'in ranar Juma'ar da ta wuce. Ta yi kyau, ta yi ƙiba, Ummi kuma ƙamshin sabulu take yi, ba ƙauri ba. Ban taka dajin ba ko sau ɗaya. Gwaggo da hannunta ta mayar da gatarinki inda kika rataye shi. Ya fara tsatsa, kuma ban goge shi ba.

Na gode, Innata. Ba ki bar mana gona ba, ba ki bar mana gida ba, amma kin sa hannuna a ruwan nan, kuma har yau yana da ɗumi.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya cika ƙirjinki da iskar Aljanna wadda babu hayaƙi a cikinta. Ya raya takwararki a kan halinki. Amin.

Taki har mu sadu,
Fanna, mai naɗe bido da bargonki