Shafukan da Na Gina Sun Ɓace

Maamobi, Accra.

Yaya Mutawakilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Allah ya tsare ku a baƙunta, ya sauƙaƙa muku sanyin Italiya. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma sayar da koko da ƙosai a bakin layi.

Yaya, zuciyata ce ba daɗi. Ka tuna Malam Saaka, mai shagon buga takardu a Circle, wanda ya ɗauke ni in riƙa buga katin biki. Shi ya zaunar da ni gefensa ya koya mini gina shafukan intanet. Ba aji, ba littafi. In aiki ya zo sai ya ce in gwada, in na ɓata in rushe in sake. Shafin wata mai atamfa a Zongo Lane sai da na yi ta sake shi har na yi kuka, don ya ce rubutun bai zauna daidai a ƙaramar waya ba, kuma irinta masu sayen kayan suke riƙewa. A hannunsa na san aikin nan sana'a ce kamar ɗinki ko gini. To yanzu idonsa ya tafi, likita ya ce ba magani. Zai rufe shagon ya koma garinsu, Wa. Masu sayar da waya da za su karɓi shagon har sun zo suna auna bango muna zaune.

Na je neman aiki, duk inda na shiga takardar makaranta ake tambaya, ni kuwa ba ni da ita. Wata mata ta tausaya mini, ta ce in nuna mata abin da na taɓa yi. Na ciro waya ina buɗe shafukan da na gina ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya buɗe sai ɗaya. Ashe masu su sun daina biyan kuɗin sabuntawa, wai WhatsApp ya ishe su. Ɗayan da ya rage, an cika shi da hotuna har sun danne rubutun, na ji kunyar cewa nawa ne. Na shiga motar haya, trotro, ina tunanin ƙofofin da marigayi Baba ya sassaƙa a Nima, har yau ana buɗe su ana rufewa. Ni shekarun nan nawa ba abin da zan nuna da yatsa.

Inna ta ce in zo in kama mata suya, na amsa. Malam ya ba ni kwamfutarsa, ya roƙe ni kada hannuna ya manta. Na ce masa to, amma tana ƙarƙashin gado, na kasa kunna ta. In akwai wani cikin mutanenmu can da ke son shafi, ko na ƙungiyar masallaci ne, ka ambaci sunana.

Ka gaida Anti Ruhaina da su Abdul-Mumin. Inna da Fawaz suna gaishe ku. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Shifa.