Kwana Uku Babu Muryar Doña Eufemia

Mama,

Ki sa min albarka. Ya ƙafar taki? Ya Kawu Argenis da awakinsa? Ƙawata Yolimar ce za ta kawo miki takardar nan gida Carora, tunda wayarki ta mutu.

Lafiyata ƙalau a Lima. Ina nan ina tallan gahawa a titi, tarin ma ya yi sauƙi, kada ki damu.

Zaurenmu na WhatsApp ne ya hana ni sukuni. Bara na buɗe shi don neman ganyen ayabar naɗe abincin Kirsimeti, yanzu mu ɗari biyu ne 'yan garinmu da ke Lima, nan ake samun ɗaki da aiki. Kin san ba ma fita sai babba ya sa mana albarka. To wata tsohuwa a zauren, Doña Eufemia, ta ɗauke mana wannan. Kullum da safe sai ta turo murya: "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Wilmer, malalaci, tashi, rana ta fito!"

Kwana uku ke nan shiru, wayarta a kashe. Na tambaya wa ya san gidanta, babu ko mutum ɗaya. Wilmer ya rubuto, "Kai, ashe ko fuskarta ba mu sani ba?"

Ta taɓa cewa ƙanwarta na sayar da cuku a bayan cocinmu na Carora. Don Allah ki je yau ki karɓo adireshin Doña Eufemia a wurinta, Yolimar ta turo min.

Kuma ki ari wayar Yolimar ki sa mana albarka da bakinki. Ba ni kaɗai nake fita babu albarka ba.

'Yarki,
Maigualida