Gajeriyar Ƙofa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mun tare a gidan Kaka, ni da 'yata Auta. Bangon nan mai kaurin tsiya yana nan daram, sanyi kamar cikin randa.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai. Ka taɓa lura ƙofofin ɗakunan tsakar gida ba tsawonsu ɗaya ba? Goggo ta ce Kaka da hannunsa ya gina su tun bai haifi kowa ba, kuma duk ɗan da ya zaɓi ɗaki, tsawonsa daidai ƙofar yake tsayawa. Na tsayar da Goggo a ƙofar nata ɗakin, cif! Auta kuwa ta liƙe wa ɗakin ƙarshe, mai gajeriyar ƙofar nan. Ɗakin wa ne?

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙonki, na yi dariya har da ƙwalla. Ke da Goggo in kuka haɗu, ko tulu sai kun ba shi tarihi. Katako ke da tsada a zamanin, Kaka ya yi aiki da abin da ya samu.

Ɗakin na Baffa Ƙarami ne, wanda zazzaɓi ya ɗauke yana ɗan shekara tara. Kada ki taɓa ginin, ya girmi kasuwar garin. A shafa mini kan Auta.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Shekara tara ka ce, kamar ba ka san shekarun 'yata ba? Na auna ta, saura yatsa biyu kanta ya kai katakon. Na kulle ɗakin, da rana tsaka na same ta a ciki tana tsefe kai, makullin kuwa yana ɗaure a zanina.

Na kira magini. Ya ce katakon saman ƙofar shi ke ɗauke da bango, in an ɗaga rufin zai zubo, sai dai a haƙe ƙasa ƙofar ta ƙara tsawo. Gobe zai fara, ka yarda ko kar ka yarda. Tsoro nake ji, Yaya.

Ka huta lafiya.

Yaya,

Salama. An fasa dokin ƙofar. A ƙarƙashinsa mun tarar da matakala biyu, a ƙasansu wani daɓe, a ƙasansa kuma wani. Magini ya ce hannun Kaka ne: shi ma ya haƙa, ya sake haƙawa, daga baya ya mayar da ƙasa ya rufe. Goggo ta duba ramin, ta juya ta shige ɗaki.

Muna tafe wurinka a motar safe, ka nemo mana likita. Ɗazu Auta ta tsaya a ƙofar tana kallon aikin, jikinta rau da zafi, gashinta yana gogar katakon.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka.